Neman Ajiya A Tsohuwar Bargar Belair

A ƙasar Amurka, cikin jihar Maryland, akwai wani gari da a ke rubuta sunansa Bowie, amma mutanen wurin Buwi su ke faɗa. Yana kimanin mil 20 gabas da Washinton, babban birnin ƙasar, a kan hanyar zuwa Annapolis. Bisa ga ƙidayar da aka yi cikin 2020 mutanensa sun ɗara 58,000. Irin garuruwan nan ne na bayan birni, waɗanda yawancin magidantansu kwana kaɗai su ke yi a ciki, da sassafe su shiga mota ko jirgin ƙasa su tafi aiki birni, sai magariba su komo. Baƙon da ya ratsa ta cikinsa ba abin da zai gani sai gidaje jere reras, ko wanne da 'yar farfajiyarsa ta ciyawa, da makarantu da kantuna, har ya ce a ransa wannan gari ba shi da wani labari.

Alhali kuwa a tsakiyar gidajen nan akwai wata tsohuwar barga ta dutse, ba doki ko ɗaya cikinta yau, amma a zamaninta ta yi renon dawakin da suka gagari duk dawakin Amurka a fagen sukuwa. Sunan wurin Belair. Ga shi kuma wani wasa ya shigo wanda ya ke fito da mutane daga ɗakunansu, su riƙa yawo da ƙafa a lambunan gari da gefen hanyoyi, waya a hannu, suna leƙen gindin itatuwa da ƙarƙashin benci sai ka ce waɗanda suka yar da kuɗi. Turawa suna kiran wasan jiyokashin, mu kuwa a nan za mu kira shi neman ajiya. Nufinmu mu ba masu karatu labarin bargar da na wasan, da yadda wasan ya ke taimakon irin waɗannan wurare kada a manta da su.

ASALIN BELAIR

Tun Amurka ba ta sami mulkin kanta ba, tana ƙarƙashin Sarkin Ingila, aka gina gidan Belair wajen 1745 domin Samuel Ogle, wanda ya yi Gwamnan Maryland har sau uku. Gida ne na jan bulo bisa tudu, kewaye da gonakin taba masu faɗi. Waɗanda suka yi noman tabar nan, suka yi ɗawainiyar gidan da ta dawakin, bayi ne baƙar fata, waɗanda aka kamo su ko iyayensu daga Afirka, don kuwa bauta ba ta ƙare a Maryland ba sai cikin 1864.

Ogle mutum ne mai son doki. Da ya komo daga Ingila cikin 1747 ya zo da ingarma mai suna Spark da goɗiya mai suna Queen Mab, na irin da mutanen Ingila su ke kiwo musamman domin tsere. Irin nan yana da asali abin sani. Duk dokin tsere na wannan iri da ke duniya yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, sai a tarar ta tuƙe ga ɗayan ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Musulmi tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Ɗayansu shi ne wanda a ke kira dokin Godolphin, wanda ya fito ta Tunis, ya bi ta Faransa, kana ya isa Ingila wajen 1730. Masana sun yi saɓani a kansa, waɗansu sun ce dokin Larabawa ne, waɗansu sun ce irin na Afirka ta Arewa ne, watau irin da fatake suka daɗe suna ƙetarowa da shi Sahara zuwa ƙasashenmu. In maganar na biyun ce daidai, to, ashe da shi da dawakinmu na hawan salla akwai 'yar dangantaka.

'Yar wannan ingarma ce, goɗiya mai suna Selima, ta fara ɗaga sunan Belair. Kanar Benjamin Tasker, ɗan'uwan matar Ogle, shi ya kawo ta wajen 1750, shi ne kuma ya riƙe gidan bayan rasuwar Ogle cikin 1752. A shekarar nan wani attajirin Virginia, William Byrd, ya cika baki ya ce ba dokin da zai wuce nasa, wanda ya musa kuwa ya zo a kara. Sai aka jawo Selima da ƙafa, tafiyar wajen mil 150, aka yi tseren mil 4 cikin watan Disamba, dawaki 5 suka shiga, ta bar su duka a baya. Ana ba da labari wai haushin wannan ya sa mutanen Virginia suka hana dokin da aka haifa a Maryland shiga tserensu, su kuwa na Maryland suka yi dabara, suka riƙa kai goɗiyoyinsu masu ciki su haihu a Virginia. Daga nan Selima ta koma haihuwa, jininta ya bazu cikin manyan dawakin Amurka.

ZAMANIN WOODWARD

Bayan yaƙin basasar Amurka, da aka 'yanta bayi, sai arzikin zuriyar Ogle ya karye, bashi ya yi musu yawa, aka sayar da gidan cikin 1871. Ya yi ta sauya hannu yana lalacewa, har cikin 1898 wani mai banki na Niyok, James Woodward, ya saye shi ya gyara. Cikin 1907 aka gina bargar dutsen da ke tsaye har yanzu. Da ya rasu cikin 1910 sai ɗan ɗan'uwansa, William Woodward, ya gaje shi.

Shi wannan William ya yi zama a Landan yana saurayi, yana aiki a ofishin Jakadan Amurka, a can ya ga yadda a ke sukuwa, ya kuma koyi karatun salsalar dawaki. Ga yadda ya tsara kiwonsa. Goɗiyoyinsa suna zaune a gonar Claiborne, cikin jihar Kentucky, can a ke yi musu barbara, can su ke haihuwa. In an yaye duƙushi sai a kawo shi Belair ya yi ta cin ciyawa yana guje-guje cikin fili har ƙashinsa ya yi ƙwari, sa'an nan a miƙa shi ga mai horar da shi, wani dattijo James Fitzsimmons, wanda ya yi wa gidan aiki kimanin shekara 30. Mahayan Belair kuwa tun daga nesa a ke gane su, farar riga mai ɗigon ja, da jar hula.

A Amurka akwai tsere uku waɗanda suka fi ko wanne daraja, na Kentucky, da na Preakness, da na Belmont. Dawaki 'yan shekara 3 kaɗai ke shiga, saboda haka sau ɗaya tak doki ke samun wannan dama a rayuwarsa, kuma cikin 'yan makonni a ke yin su duka. Dokin da ya cinye ukun a shekara ɗaya sai a ce ya ci Kambi Uku. Abin yana da wuya ƙwarai, don tun daga 1919 da aka fara samun wanda ya yi, zuwa 2018, dawaki 13 kaɗai suka iya. Na biyunsu dokin Belair ne, Gallant Fox, cikin 1930, a shekarar nan ya shiga tsere 10 ya ci 9. Na ukunsu kuma ɗansa ne na cikinsa, Omaha, cikin 1935. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har wa yau ba a sake samun uba da ɗa da suka ci kambin nan ba sai su. Cikin 1939 wani dokin gidan, Johnstown, ya ci biyu daga cikin ukun. Shi kansa Woodward ya shugabanci babbar ƙungiyar masu dawakin tsere ta Amurka daga 1930 zuwa 1950.

Ya rasu cikin 1953, ɗansa mai sunansa ya gaji bargar, tare da wani duƙushi mai suna Nashua. Cikin 1955 wani doki daga California, Swaps, ya kayar da Nashua a tseren Kentucky. Nashua ya ci sauran biyun, sa'an nan ran 31 ga Agusta aka haɗa su su biyu kaɗai a Chicago, ya rama, ya ba shi rata mai yawa. Murna ba ta daɗe ba. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar, cikin dare, a gidansu na kusa da Niyok, matar ƙaramin Woodward ta harbe shi da bindiga, ta ce ta ɗauka ɓarawo ne ya shigo. Hukuma ta bincika ta ce tsautsayi ne. Shekarunsa 35 a duniya. Kafin shekara ta fita aka sa dawakin Belair a kasuwa, aka sayar da Nashua shi kaɗai dalar Amurka 1,251,200, kuɗin da ba a taɓa sayen doki da shi ba kafin wannan rana. Duniya ke nan, rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

GONA TA ZAMA GARI

Cikin 1957 kamfanin Levitt, wanda ya shahara wajen gina dubban gidaje iri ɗaya masu sauƙin kuɗi, ya sayi filin Belair, fiye da eka 2,000. Aka shigo da motocin ture ƙasa, makiyayar da Gallant Fox ya yi guje-guje cikinta aka yanka ta fuloti-fuloti. Cikin 1961 mutane suka fara tarewa. Garin Bowie da ke da mutum kimanin 1,000 cikin 1960, kafin 1970 ya wuce 35,000. An raba sabon garin unguwa-unguwa, ko wace unguwa sunayen titunanta da harafi ɗaya su ke farawa, don kada baƙo ya ɓace.

Akwai wani abu kuma da ba ya kyautu a tsallake shi. Da fari kamfanin ƙin sayar wa baƙar fata gida ya yi a wannan fili da kakanninsu suka nome da guminsu, har cikin 1963 masu neman daidaici suka yi zanga-zanga a ƙofar gidajen da a ke tallarsu. Cikin 1968 Gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta hana nuna bambancin launin fata wajen sayar da gida. Yau baƙar fata suna da yawa ƙwarai cikin masu gidajen garin.

Babban gidan da bargar kaɗai suka tsira. Cikin 1964 kamfanin ya sayar wa hukumar gari babban gidan a kan dala 1, aka mai da shi ofishin hukuma har zuwa 1978, daga baya aka gyara shi ya zama gidan tarihi. Bargar ita ma gidan tarihi ce yanzu, da kayan doki da hotuna. Akwai titi mai sunan Gallant Fox, akwai kuma ɗaki mai sunan Selima a ɗakin karatu na gari, inda aka tara littattafan sukuwa.

To, amma gini kaɗai ba ya riƙe labari. A garin da mutane suka gaji zama kaka da kakanni, yaro a bakin tsofaffi ya ke jin wane ne ya haƙa rijiyar nan, wace ce aka binne a gindin tsamiyar can. A gari irin Bowie kuwa kusan kowa baƙo ne, aiki ya kawo shi, aiki kuma ya kan ɗauke shi. Mutum ya kan yi shekaru yana wuce ƙofar bargar nan cikin mota safe da yamma, bai taɓa tsayawa ya tambayi ko ta wane ne ba. Nan ne neman ajiya ya ke da amfani.

YADDA WASAN YA SAMO ASALI

Masana taswira sun daɗe da raba duniya da layuka, waɗansu sun kewaye ta daga gabas zuwa yamma, waɗansu sun ratsa ta daga arewa zuwa kudu, har ya zama ko wane wuri yana da lambobi biyu nasa na kansa. Kano, alal misali, tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da rabi gabas da Landan. Bowie kuwa tana kusa da digiri 39 arewa, kusa da 77 yamma. In aka ƙara ƙananan lambobi a bayan waɗannan, ana iya nuna gindin itace guda.

Abin da ke gaya wa mutum lambobin inda ya ke tsaye shi ne tsarin da a ke kira GPS. Taurarin ɗan adam ne, aƙalla 24, da Gwamnatin Amurka ta harba, suna kewaya duniya sau 2 ko wace rana daga nisan mil wajen 12,500. Ko wannensu yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta aiko da saƙo ta iska, ga inda na ke, ga kuma lokaci. Na'urar da ke hannunka in ta ji saƙon guda 4, sai ta auna jinkirin da ko wanne ya yi a hanya, ta lissafa nisanta da ko wane tauraro, daga nan ta gane inda ta ke.

Domin soja aka yi tsarin, saboda haka da can da gangan a ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, na'ura ta kan yi kuskuren da ya kai yadi 100. Ran 2 ga Mayu 2000, bisa umurnin Shugaba Bill Clinton, aka daina gurɓatawar, kuskuren ya komo kamar yadi 10. Kashegari wani mutum, Dave Ulmer, ya so ya jarraba ya gani. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littafin sa hannu da fensir, da littattafai, da kaset na bidiyo, da 'yan kuɗi, da gwangwanin wake, da danƙon harbin tsuntsu, ya kai cikin kurmi kusa da Beavercreek, a jihar Oregon, ya ajiye. Sa'an nan ya sanar da lambobin wurin ta intanet, ya kafa sharaɗi ɗaya, wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani abu. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano bokitin, waɗansu kuma suka shiga ɓoye nasu.

Kafin watan ya ƙare aka raɗa wa wasan suna, aka haɗa kalmar Girkanci mai nufin ƙasa da kalmar Faransanci mai nufin maɓoya. Cikin watan Satumba wani mutumin Seattle, Jeremy Irish, ya buɗe babbar rajista a intanet, da ajiya 75 cikinta. Yau sun wuce miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190. Ko da ya ke na'urar sabuwa ce, sha'awar tsohuwa ce, don tun cikin 1854 wani ja-gora, James Perrott, ya ajiye kwalba a tsakiyar dajin Dartmoor na Ingila, domin wanda ya kai wurin ya bar takarda mai sunansa.

YADDA A KE YIN SA

Mai son shiga sai ya rubuta kansa a rajistar da wani laƙabi, ya buɗe taswirar garinsu a wayarsa, sai ya ga alamun ajiyar da ke kusa da shi. Ko wace ajiya an faɗi girmanta, wata ba ta fi kan yatsa ba, an manna ta da maganaɗisu a bayan ƙarfe, wata kuwa akwati ce babba irin ta harsashin soja. An kuma ba ta maki daga 1 zuwa 5 wajen wuyar ganowa, da wani makin daga 1 zuwa 5 wajen wuyar hanya, domin tsoho da mai goyo su san wadda za su iya.

Waya iyakarta ta kai ka kusa, 'yan yadi kaɗan, in akwai itatuwa masu duhu ma ta kan ruɗe. Sauran aikin na ido ne da haƙuri. Ka duba kogon itace, ka shafa ƙarƙashin benci, ka lura da dutsen da zamansa bai yi kama da na 'yan'uwansa ba. In ka samu sai ka buɗe, ka rubuta laƙabinka da kwanan wata a littafin da ke ciki. In ka ga abin da ya ba ka sha'awa ka ɗauka, amma ka bar wanda ya kai shi ko ya fi shi. Kana ka rufe ka mayar daidai yadda ka tarar, ba tare da masu wucewa sun gane ba. In ka koma gida ka rubuta a rajista ka samu, in ba ka samu ba ma ka faɗa, domin mai ajiya ya je ya duba ko ta ɓace.

Kayan da ke ciki ba na kuɗi ba ne, 'yan kayan wasan yara ne, da maɓalli, da kwabon wata ƙasa. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙarafa masu lamba waɗanda ba a riƙewa, sai dai a ɗauke su daga wannan ajiya a kai wata, mai su yana bin labarin tafiyarsu daga gida, har wani ya ƙetare teku.

INDA WASA YA HAƊU DA TARIHI

Al'adar masu wasan ita ce mutum ya yi ajiya a wurin da ya ke so waɗansu su gani, ya kuma rubuta dalilinsa. Saboda haka kafin mai nema ya fita ya kan karanta labarin wurin, in ya isa kuwa dole ya sauka daga mota, ya taka da ƙafa, ya tsaya ya ƙura ido. Ba wani abin da tsohon wuri ke bukata da ya wuce wannan.

Akwai ma irin ajiyar da a ke yi hawa-hawa. Lambobin farko ba ga akwatin za su kai ka ba, sai ga wani allon tarihi ko rubutun jikin gini, a ce ka karanta ka fitar da amsa, amsar ce za ta cika lambobin wuri na gaba. Mu ɗauka wani ya shirya irin wannan a kan Belair. Yana iya tambayarka shekarar da aka gina bargar, da shekarar da uba ya ci Kambi Uku, da wadda ɗa ya ci, ya ce ka ɗebe wannan daga wancan. Yaron da ya tsaya ya yi lissafin nan da kansa, 1907 da 1930 da 1935 sun zauna masa ke nan, ba sai an yi masa bulala ba. Hukumomi ma sun gane haka, cikin 2009 ƙungiyar garuruwan Maryland ta shirya jerin ajiya a garuruwan jihar da nufin jawo baƙi su zo su ga abin da ko wane gari ke da shi.

Bowie kuwa ba ta rasa wuraren zagayawa ba. Akwai jerin manyan itatuwa tsofaffi da suka nufi ƙofar babban gidan, akwai lambun shan iska na Allen Pond mai tafki, akwai hanyar ƙafa da keke da aka shimfiɗa bisa gurbin tsohon layin jirgin lantarki da ya daina aiki cikin 1935. Wanda ya bi su da ƙafa sai ya fara ganin siffar tsohuwar gonar a ƙarƙashin garin, ga tudun da mai gida ke tsayawa ya hangi dawakinsa, ga kwarin da ruwa ke bi. Watakila kuma ya yi wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi. Selima an san ubanta, an san 'ya'yanta da jikokinta har yau, amma bayin da suka ba ta dawa da ruwa, suka share turkenta, galibinsu ba inda sunansu ya fito sai cikin takardun ƙidayar dukiyar iyayengijinsu. Mutum ba ya yin irin wannan tunani yana tafe cikin mota.

WASA NE NA AMANA

Sai dai wasan yana da nasa haɗari, musamman a wuri mai tarihi da kuma cikin unguwa. Mai nema in ya ƙosa yana iya zare dutse daga katangar da ta shekara 100, ko ya tattake shuka, ko ya haura shingen wani. Mutum ɗaya ɓarnarsa kaɗan ce, amma in ɗari suka bi sawunsa sai wurin ya lalace. Maƙwabta kuma in suka ga baƙo yana laluben gindin shingensu ba su san wasa ya ke yi ba, 'yan sanda za su kira. Cikin 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani ya ajiye ƙaramin akwati a bakin titi, aka ɗauka bom ne, aka rufe kantuna, sojoji suka zo suka fasa shi, ashe ajiya ce.

Don haka aka kafa dokoki. Ba a haƙa rami a binne ajiya, ko da ya ke bokitin farko rabinsa a ƙasa ya ke. Ba a yin ta a filin kowa, ko na hukuma ko na mutum, sai da izini. Ba a sa abinci, don kada dabbobi su tone, ba a sa wuƙa ko wani abin cutarwa, don yara na buɗewa. Ana nisantar makarantu da barikin soja da layin dogo. Tsakanin ajiya da ajiya sai an bar aƙalla ƙafa 528, domin kada su yi wa wuri yawa. Akwai masu aikin sa kai waɗanda ke duba ko wace sabuwar ajiya kafin a shigar da ita rajista. Tun cikin 2002 kuma masu wasan suka ɗauki al'adar tafiya da jaka, su tsince sharar da suka tarar a hanya.

Amma ba ɗan sandan da ke tsaye a gindin itace yana tsaron dokokin nan. Mutum ya ajiye kayansa a fili, ya gaya wa duniya inda ya sa su, ya tafi gida ya kwanta, bisa zaton wanda bai taɓa gani ba zai buɗe ya rufe ya mayar. Mafi yawan lokaci kuwa haka ɗin a ke yi, akwai ajiyar da ta haura shekara 20 tana nan inda aka sa ta. Ita ma bargar Belair ajiya ce irin wannan, na da suka bar wa na yanzu, sharaɗinta ɗaya ne da na bokitin Ulmer, kowa ya zo ya amfana, ya bar wa na bayansa yadda ya tarar.

Wanda Allah ya kai shi Washinton, in ya sami rabin yini ba aiki, ya tambayi ranakun da a ke buɗe bargar, ya nemi motar da za ta kai shi Bowie. Ya shiga ya ga turakun da babu kowa, da farar rigar nan mai ɗigon ja a jikin hotuna, in yana da sha'awa kuma ya buɗe taswirar wayarsa ya ga ko akwai ajiya kusa. Gani ya kori ji.